Kyanwoyin Goggo

Tilo ta yi ta kai zare bakin allura tana kuskurewa, har dai ta yarda ba allurar ce mai laifi ba. Wasu baƙaƙen ɗige-ɗige ke yawo a idonta na hagu kamar ƙudaje, ga hazo-hazo. Mai ɗinki kuwa in ido ya tafi, sana'a ta tafi.

Likitan ido ya haska fitila, ya daɗe yana leƙe. Ya ce wata ƙwayar cuta ce ta yi gida can bayan idon, ana ɗaukar ta daga kashin kyanwa, ko naman da bai dahu ba, ko ganyen da ba a wanke ba. Ya rubuta mata magani na makonni, ya ja mata kunne kada ta tsallake ko da rana guda.

Duk bayanin nan, abu ɗaya Tilo ta riƙe: kyanwa.

Kyanwoyi ai a gidansu suke. Goggo, ƙanwar marigayi babanta, tun kafin Tilo ta yi wayo take zaune a ɗakin baya da tarin kyanwoyinta. Mace ce marar magana, sai kallo. Tilo na kan keken ɗinki, ta ɗago kai, sai ta ga Goggo a bakin ƙofa ta zuba mata ido. Ga kwanon abinci da take turo mata kullum, ita kaɗai, ba da Inna ba. A da Tilo na ɗauka kirki ne. Yanzu kam zargin wata muguwar manufa take yi in ta ga kwanon.

Ta daina ci. Ta fara kulle ɗakin ɗinki. Wata safiya ta tarar da Goggo riƙe da kwalin maganinta tana jujjuyawa.

"Me kike nema a ciki?"

"Dubawa nake ko kin sha na yau."

Lallai ma! Tilo ta fizge kwalin, ta nufi wajen Inna a fusace. Ta ce ko dai Goggo ta tattara kyanwoyinta ta bar gidan, ko ita ta bar shi. Inna, wadda ba ta taɓa hana 'yarta tilo komai ba, ta ce, "Kul! Kada in ƙara jin wannan magana." Tilo ta ce a ranta, wato har Inna an shanye.

Da ta koma asibiti, hazon ya ragu. Likita ya nuna mata hoton cikin idon: ga sabon kumburin yana lafawa, ga kuma wani tsohon tabo a gefensa, da irinsa a ɗaya idon. Ya ce mai yiwuwa da shi aka haife ta, uwa kan kamu tana da ciki ta ba ɗa, cutar ta yi kwance shekara da shekaru sannan ta farka.

"Inna ko hanyar kyanwa ba ta bi," in ji Tilo.

"To a gwada jinin mahaifiyarki. In ya nuna ba ta taɓa kamuwa ba, daga baya kika ɗauka."

Abin da Tilo ke nema ke nan. Jinin Inna na fitowa tas, Goggo ta gama zama a gidan.

Inna ta ce tsoron allura take. Washegari ta ce ciwon ƙafa. Tilo ta tsaya kai da fata, har ta ɗauko jakar kayanta ta ajiye a tsakar gida. Sannan Inna ta yafa mayafi, ido jawur. Goggo ta biyo su a baya ba wanda ya gayyace ta, Tilo ko kallonta ba ta yi ba.

Suka jeru kan benci a ƙofar ɗakin gwaji. Can wata ma'aikaciya ta leƙo da sirinji a hannu.

"Wacce ce mahaifiyar? Wadda ta haife ta fa, in ba haka ba gwajin ba shi da amfani."

Tilo ta taɓo Inna da gwiwar hannu. Inna ba ta motsa ba, ta sunkuyar da kai tana hawaye. Goggo ce ta miƙe a hankali, tana naɗe hannun rigarta.