Furen Tabawa

Doka ta ba kowane gida tsiro guda ya riƙa yi masa barbara da hannu. Rabon Tabawa a Gembu shi ne okid, furen da ke maƙale a reshen bishiya, saiwoyinsa a iska, raɓa ta ishe shi. Yini ɗaya yake buɗewa a shekara, in an kuskure babu iri.

Ranar ta zo, mijinta Jatau ya riƙe tsani, ta hau da tsinke, ta yi wa furen barbara.

"Ya kama, Malam!" ta ce tana dariya.

Suka zauna a inuwa suna shan shayi, ƙamshin na sauko musu.

Jatau ya ce, "Wai wa yake kira da ƙamshin nan?"

"Ƙudan zuma. Bai san sun ƙare ba."