Sunan Ɗan Fari

Tun da aka daina taɓa allon waya, da baki muke aiken Ɗan Aike, 'yar manhajar da ke buɗe mana shafuka. Kowace Juma'a nakan ce, "Kawo muryar yaron nan," sai in ji muryar marigayi ɗan farina da na ajiye, yana dariya.

Yau ya ce an sabunta shi. An daina karɓar laƙabi, sai sunan yanka daga bakin mai ajiya, in ba haka ba a share ajiyar.

"Ki faɗa mana, Inna," in ji 'yata Tasalla. "Gyara aka yi."

"Kowace ɓarna gyara suke kiranta."

Na ƙare ƙuruciyata a aji ina kiran sunayen 'ya'yan mutane, ban da na ɗana. An ce uwa ba ta kiran ɗan fari, kunya ce. Har aka binne shi ina kunyar, ban ga wanda ta amfana ba.

Na tura ƙofa. Da ƙyar harshena ya ɗaga, na ce, "Ilyasu."

"Ba a taɓa jin wannan suna a bakinki ba," in ji Ɗan Aike. "Ana zargin kutse. An rufe ajiyar."