Ranar da Aka Sa Ni Buɗe Baki a Aji

"Kaka, buɗe baki su ga aikin alawa!"

Anti Debby malamar aji ke nan, ta tsayar da ni gaban 'yan nazare a makarantarmu ta Sabon Tasha. Ni mai shara ce. Soja sun bar mulki, amma ban da Madam mai makaranta, ga ta can ta tare ƙofa. In na ƙi, aikina ya tafi. Na wangale. Ko haƙori ɗaya babu.

Wata 'yar ƙarama, Munachi, ta ce, "Kaka, alawa nawa kika sha?"

"Jikalle, ni ba na shan zaƙi. Haƙorina na ƙarshe, karas ɗin da Anti ta ba ni jiya ne ya cire shi."

Mako uku ke nan, yaro ya ga karas sai kuka.