Mazon Bakin Rafi

Haggai ya buga turke na ƙarshe a jikin ɗorawar, ya taka shi ya ji bai motsa ba, sannan ya haye. Mutum ya ba sittin baya, ga tumbi kamar tulu, amma in ka ga hawan nan sai ka rantse saurayi ne. Ya zauna kan itatuwan da ya ɗaure tsakanin rassa biyu, ya ɗora bindigar toka a cinya, ya zuba ido.

Kada ka ce gadin gona ya zo yi. Tun da ya bar soja ya dawo Dabai matarsa Theresa take fama da shi ya riƙa korar birai daga masara, shi kuwa ya ce sam, wanda ya riƙe bindigar gwamnati ba zai koma yi wa biri ihu ba. Bara birai suka cinye rabin gonar yana can gindin mangwaro yana dara.

Sawu ne ya tayar da shi bana. Theresa ce ta gan shi a lakar rafin da ke ƙasan gona, ta zo gida tana haki. 'Yar maharbi ce, ta san abin da take faɗa: mazo ne, dangin barewa, namiji, ƙato. Haggai ya je ya durƙusa ya duba, sai da tsigar jikinsa ta tashi, don rabon da a ga mazo a wajen nan tun yana yaro. Ranar Lahadi a ƙofar coci baki ya kufce masa. Ya ce in bai kawo naman mazon nan bikin godiyar kaka ba, kada a ƙara kiransa maharbi, ya rataye bindiga ke nan. Aka yi ta tafi, kuma mutanen Dabai ba su da mantuwa.

Theresa ce ta nuna masa ɗorawar da ke tsakiyar gona. Ta ce babanta bai taɓa wuce tsayin mutum biyu ba in zai yi kwanto, don wanda ya yi sama da yawa bayan dabba kawai yake gani. Haggai ya ce ai shi ma ya sani.

Haka ya shiga yi. Kafin rana ta fito yana sama, ba ya sauka sai ta yi ja. Birai kan zo bakin gona, su hango mutum da bindiga, su juya suna ƙunƙuni, shi kuwa ko kallo ba su ishe shi ba. Da rana Theresa kan biyo ta rafi da tuwo, ta ɗaura kwanon a igiya ya ja sama. Da yamma in ya sauka ya zaga, sai ya tarar da sawu sabo fil, laka ko bushewa ba ta yi ba. Babu kashi, babu ganyen wake ko ɗaya da aka gutsura. Yakan girgiza kai ya ce bai taɓa ganin dabba mai wayon wannan ba.

Masara ta nuna, zangarniya jibga-jibga, irin wadda ba su taɓa samu ba. Biki ya matso. Tumbi ya zube, abokan dara kuwa da sun hango shi sai su ce, "Soja, mu kawo kwano ne?" Yana dariya, amma abin yana cinsa ƙwarai. Sunan maharbin nan shi kaɗai ya rage masa tun da ya tuɓe kaki.

Sai ya tafi wurin Baba Yari, tsohon maharbin da ido ya fara gaza masa. Tsoho ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ka zauna ƙasa da yawa, iska na kai masa warinka. Kuma daga nan ko rafin kana gani? Ka ƙara sama. Inda turaku suka ƙare, ka zagaya igiya a ƙugunka da jikin itacen, kana turawa kana bi."

Da Theresa ta ji, sai ta dafe ƙirji. "Baban Joyce, da wannan gwiwar taka? Don Allah ka zauna inda kake." Ya ce to, ya ji. A ransa kuwa har ya zaɓi igiya.

Washegari ya wuce mazauninsa ko waiwaye babu. Ɓawon itace ya goge masa ƙirji, tururuwa suka shige masa wando, ya cije ya yi ta turawa har ya samu wani reshe mai ƙwari can kusa da ƙoli. Kai! Ashe duniya a nan take. Ga duwatsun Zuru, ga gonarsa kamar tabarma, ga rafin nan tas, wanda a da ganye ya rufe masa shi.

Ya jira har rana ta take. Can sai ciyawar bakin rafi ta motsa. Ya ɗana bindiga, ya riƙe numfashi. Ciyawa ta buɗe, kwanon tuwo ya bayyana, Theresa a ƙarƙashinsa. Ya sauke bindiga ya ja tsaki. Matar nan za ta korar masa nama.

Ta ajiye kwano a kan dutse. Ta leƙa wajen ɗorawa, ta duba hagu da dama. Sannan ta sunkuya, ta zaro busasshiyar ƙafar mazo daga gefen zaninta, ta shiga danna kofaton a laka ɗaya bayan ɗaya, tana 'yar waƙar coci abinta.