Kyauron Gwaggo Tasalla

Tun da aka kafa dokar gaɓa, duk ƙauyen da kogi ya cinye wa taku ashirin na ƙasa a shekara, kwashe mutanensa ake yi zuwa sansani. Bara Tungar Maje ta rasa taku goma sha tara.

Gwaggo Tasalla ce ta shiga fadama ta saro kyauro, ciyawar nan mai kama da rake, ta daddasa a bakin kogi. Duk rani tana ban ruwa da tulu, tana korar awaki. Mai unguwa Nomau har dariya ya yi mata. "Gwaggo, ciyawa ce za ta tare kogi?"

Yau da hantsi na'urar awo ta sauko daga sama, ta bi gaɓar a hankali. Motocin kwasa uku na jira, ko injin ba su kashe ba.

"Taku biyu," in ji na'urar. "Ku zauna."

Gari ya kaure da guɗa. Nomau ya durƙusa gabanta. "Gwaggo, ki yafe mini."

"Tashi, Mai unguwa," ta ce. "Ɗauko addarka mu saro wa mutanen tsallake nasu irin."