Ta'aziyyar Nuru a Small Heath

Suwaiba na cikin yanka albasa aka kira wayar 'yarta Radiyya. Wani ne mai dasasshiyar murya, wai abokin Nuru. Ya ce Nuru ya rasu, har an kai shi, kada kowa ya wahalar da kansa zuwa Birmingham.

Nuru saurayin Radiyya ne, ɗan jami'a mai gyararren gemu. Duk zuwansa gidansu a unguwar Withington ta Manchester sai ya tashi da malmalar tuwo uku yana ba su labarin samurai, jaruman Japan na dā. Wai in ɗayansu ya saɓa wa masoyiya alkawari ba ya zama da kunya, cikinsa yake farkewa da takobi. Shi ma, in ji shi, zuciyarsu ɗaya. Mutumin da ko kaza bai taɓa yankawa ba.

To, ya yi alkawarin turo magabatansa kafin azumi. Azumi ya zo ya wuce. Ranar sallah Suwaiba ta tare shi da kanta, ta ce, "Ɗana, ina maganarmu ta kwana?" Ya sunkuyar da kai, ya ce zai wanke kansa.

Ga wankin da ya yi. Radiyya ta daina cin abinci, tana ta cewa su suka kashe shi. Suwaiba kuwa jininta ya hau, don ta san bakin wa ya yi tambayar.

Sai dai ita tun da take ba ta taɓa jin an yi rasuwa an hana gaisuwa ba. Ta dafa shinkafa kula guda, ta samo kwatancen gidan wurin ƙawarta ta unguwar Sparkhill a Birmingham, wadda ta ce oho, su dai ba su ji sanarwa a masallaci ba. Suka hau coach, babbar motar safa.

Ƙofar gidan a Small Heath ba takalmin baƙo ko ɗaya. Hajiya Marwa, mahaifiyar Nuru, ta buɗe da jan lalle a hannu. Suwaiba ta zube ƙasa.

"Hajiya, ya haƙuri? Ni ce na matsa masa, ki yafe mini."

Hajiya ta dubi Radiyya, ta dubi kular, ta karɓa.

"Ku ne na Manchester ko? Allah ya yi albarka. Dangin yarinyar Leeds ko ruwa ba su kawo ba."

Sannan ta juya wajen bene, ta ɗaga murya.

"Nuru, sauko ka karɓi gaisuwa, ashe ka sake mutuwa."