Bindigar Baba a Maƙera

Yaya ya fizge bindigar daga hannuna a bakin gona, bakinta ko hucewa bai yi ba.

"Bindigar gado kike harba wa birai duk mako? Sai kin cinye ta hankalinki zai kwanta?"

Raina ya ɓaci. Shekara shida da rasuwar Baba, Yaya bai taɓa ɗiga mata mai ba. Ni ke goge ta, ni ke tsare masarar da yake ci. Amma ya tasa ni gaba har maƙera, wai a nuna mini ɓarnata.

Tsohon maƙerin ya leƙa bututunta a haske. "Lafiyarta ƙalau. Tsatsa ke kashe irinta, ba harbi ba, muddin ana gogewa."

"To wannan fa?" Yaya ya dangwala yatsa a wani kwarmi mai sulɓi a jikin katakon. "Ba aikinta ba ne?"

"Kuncin mahaifinku ne. Shekara arba'in nan yake kwantar da shi in zai saita."

Yaya ya ɗora ta a kafaɗa, ya kwantar da kuncinsa a wurin, ya daɗe bai ɗago ba.